Gogagge ko sabon yaro: wa zai fara a kwatabak?

Ka tambaya wa ya dace kocin jami'a ya fara da shi a kwatabak, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari da jifan ƙwallo a ƙwallon ƙafar Amurka, gogagge ko sabon yaro mai hannun jifa. Malam, ni ina bayan mai hannun, muddin ya nuna kansa a atisaye.

Dubi ƙungiyar Jami'ar Alabama a wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka da ta buga da Jami'ar Jojiya a Janairun 2018. Gogaggen kwatabak ɗinta Jalen Hurts sau biyu kacal aka taɓa doke shi, kuma da wuya ya jefa ƙwallo hannun abokan hamayya. Amma jifansa 3 cikin 8 ne suka isa, aka tafi hutu Jojiya tana gaba da 13-0. Kocin Alabama Nick Saban ya zaunar da shi, ya sako Tua Tagovailoa, ɗan shekarar farko. A ƙarin lokaci yaron ya cilla wa abokin wasansa DeVonta Smith jifa mai yadi 41, suka ci 26-23.