Me ya sa amfilifayata ba ta iya magana ƙasa-ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ina da 'yar amfilifaya mai sifika biyu, ina jona ta da wayata, wutarta daga batirin sola. Da rana a shago lafiya lau. Da daddare kuwa, in na shiga da ita ɗaki ina son jin tafsiri a hankali iyali na barci, sai ta gagare ni. In na murɗa bolum kaɗan shiru, in na ƙara ƙiris sai ta ɓarke har jariri ya farka. Kuma a daidai nan sifikar dama ce kaɗai ke magana, ta hagu sai daga baya. Mai gyara ya canja bolum ɗin, babu abin da ya sauya. Ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ta lalace ba. Ƙarfinta ne ya fi aikin dare nesa ba kusa ba, shi ya tilasta maka aiki da bakin-bakin bolum, inda kowane bolum ya fi rashin tabbas.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ana auna ƙarar sauti da desibel. Matsakaiciyar sifika in an ba ta wat ɗaya tana fitar da desibel 85 zuwa 90 a tazarar mita ɗaya. Sauraron dare a ɗakin da babu fanka ba ya buƙatar fiye da 45 zuwa 50. Ratar ta kai desibel 40 ke nan, kuma duk desibel 10 na nufin ninka ƙarfin wuta sau goma. Ashe abin da kake nema kashi ɗaya ne cikin 10,000 na wat guda, daga na'urar da aka ƙera don ta ba da wat 3, ko 15, ko fiye. Kamar mutum ne ya kai kofin shayi bakin injin ban-ruwa yana son cika shi rabi ba tare da ya zube ba.

Yanzu ga bolum ɗin kansa. In ka fasa shi za ka ga wani lanƙwasasshen layi baƙi na kabon, da ɗan siririn ƙarfe da ke jan ciki a kansa yayin da kake murɗawa. Tafiyarsa duka wajen digiri 300 ce. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Mai harafin B, kamar B10K ko B50K, yana sakin sigina daidai da murɗawa: rabin tafiya, rabin sigina. Da irin wannan, rage desibel 40 na nufin ka tsaya a digiri uku na farko. Yatsun ɗan Adam ba su iya wannan aikin, balle cikin duhu. Mai harafin A an yi shi ne don kunne: a tsakiyar tafiya kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari kawai yake saki, sai ka samu fili a ƙasa. Ina kyautata zaton mai gyaranka B ya cire ya mayar da B, don shi ne ya fi yawa a akwatunan masu gyara. Juya bayan bolum ɗin ka karanta. Wasu tsofaffin kayan Turai sukan juya haruffan, don haka in ana shakka a ajiye shi a tsakiya a ɗora mitar auna lantarki ta masu gyara tsakanin ƙafar tsakiya da ta gefe. In ya nuna rabin adadin da aka rubuta, na miƙe ne, ba na sauti ba.

Batun sifika ɗaya da ke riga 'yar'uwarta shi ma daga nan yake. Bolum na sifika biyu layi biyu ne a jikin sanda guda, kuma a masu araha layukan ba sa farawa wuri ɗaya cif-cif. A tsakiya bambancin ba ya jiyuwa. A farkon tafiya, inda siginar 'yar mitsitsiya ce, sai ya zama ɗaya ta tashi ɗaya ba ta tashi ba. Ko bolum mai A ka saka, wannan ba zai gushe gaba ɗaya ba.

Maganin shi ne a rage siginar tun kafin ta iso bolum, yadda sauraron dare zai faɗo a tsakiyar tafiya. Gwada na kyauta yau da daddare: sauke sautin wayarka zuwa kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa, sannan ka ɗaga na amfilifaya. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. Illarsa mantuwa ce. Ranar da wani ya cika sautin wayar ya jona, bolum na sama, duk gidan zai tashi. Kuma in daga memori ko filashi kake saurare a jikin amfilifayar, dabarar ba ta shafe ka ba.

Gyaran da na fi so razista huɗu ne, wato 'yan ƙananan kayan lantarki masu rage ƙarfin wuta, biyu ga ɓangaren kowace sifika. A hanyar da sigina ke shigowa, kafin bolum, a jera razista 10K. Daga bayanta a sauke 2.2K zuwa ƙasa, wato layin giraun. Wannan zai rage siginar zuwa wajen kashi ɗaya cikin shida, kimanin desibel 15, kuma yana aiki ko bolum ɗinka 10K ne ko 50K. A nemi masu zobe biyar, na kashi ɗaya cikin ɗari, don ɓangarorin biyu su zo daidai. In babu a garinku, masu kayan lantarki a Sabon Gari, Kano, ba sa rasa su, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Tun da kana buƙatar ƙara a shago da rana, mai gyara ya sa ɗan makunni mai layi biyu da zai riƙa cire razistocin 2.2K daga ƙasa. Sama na rana, ƙasa na dare.

Akwai wata hanyar ga wanda bai samu bolum mai A ba. A ɗauki B100K a haɗa razista 15K tsakanin ƙafar tsakiya da ƙafar ƙasa. A tsakiyar tafiya sigina za ta sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar maimakon rabi, kuma ɓangarorin biyu sukan fi tafiya tare, don layin B ya fi sauƙin ƙerawa daidai.

Sai abin da razistocin ba za su taɓa ba: wannan "shuuu" da ake ji in dare ya tsala. Daga cikin ayisi yake fitowa, wato 'yar na'ura mai ƙafafu da ke ninka sigina bayan ta wuce bolum, don haka maganinsa rage yawan ninkawar ayisin ne. Duba lambar da ke jikinta. In LM386 ce, tana ninka sigina sau 20, amma in an sa kafasita, wato ɗan abin da ke tara caji, tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 sai ta koma sau 200. A cire kafasitar, an huta. TPA3116 tana da matakai huɗu, desibel 20, 26, 32 da 36, kuma razista biyu ƙanana ke zaɓar matakin. Aiki ne na mai hannu a nutse da siririn ƙarfen dalma, kada a ba wanda bai saba ba. PAM8403 kuwa a kafe take kan 24, babu abin murɗawa. In ƙarar ba "shuuu" ba ce, zizan ce mai kaifi, cire cajar waya daga batirin ka saurara. Caja da amfilifaya a kan batiri ɗaya sukan haifar da ita.

Kada ka yarda a ɗaura maka bolum a igiyar sifika. Ƙaramin bolum ba zai ɗauki wutar ba, ƙonewa zai yi. A PAM8403 da TPA3116 kuma baƙar igiyar sifika ba ƙasa ba ce, in aka haɗa ta da ƙasa ko da ta ɗayan ɓangaren ana iya kashe ayisin.

Bayan gyara za ka ji kamar sautin ya rame da daddare. Kunne ne, ba na'ura ba. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka auna a Amurka cewa in sauti ya yi ƙasa, kunne ya fi saurin rasa kaurinsa. Muryar malami mai tafsiri a tsaka-tsaki take, ba za ta ragu sosai ba. In kuma ka ji bolum na ƙarar-ƙarar yayin murɗawa, ƙurar hunturu ce ta shiga: a fesa masa maganin wanke kayan lantarki a murɗa shi sau da yawa, ban da kananzir, ban da man keken ɗinki.