Ga ɗan bautar ƙasar da aka tambaya "ina ibadarku?"

Ɗana, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari gari ya waye kafin in amsa. Ka ce kana bautar ƙasa a Katsina, ɗaki ɗaya kuke kwana da wani abokinka Musulmi, ya tambaye ka cikin raha, "Wai ku Kirista ina ibadarku? Ni dai ranar Lahadi kaɗai nake ganin ka saɓi Littafi ka fita." Ka rasa ta cewa, shi ne kake so a bambance maka bangaskiya da ƙauna da sujada a wajenmu da na sauran addinai. Na ga wasu sun riga sun amsa maka da cewa mu ƙauna gare mu, su kuwa doka. Wannan amsar ce ta hana ni yin shiru. Ranar da ka kai wa abokinka ita, ranar zai gane ba ka san addininsa ba, kuma daga nan ba zai ƙara sauraronka a kan naka ba.

Ni a gida mai addini uku na tashi, a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi. Kakana Bamaguje ne, har ya rasu bai bar yi wa kan gida yanka ba. Babana ya karɓi bishara yana saurayi. Ƙanensa, Baffa, ya musulunta ya tafi Zariya karatu, ya dawo ana ce masa Malam. Katanga ɗaya, rijiya ɗaya, rumbu kusa da rumbu.

Na Kaka ba shi da tsawon bayani. Bai taɓa musun akwai Allah ba, amma a ganinsa Allah ya yi nisa, iskoki ne a kusa, su ke riƙe da ruwan sama da lafiyar yara. Kafin shuka a yanka musu kaza ko akuya mai launin da suke so. Ban taɓa jin ya ce yana son su ba. Lallaɓa su yake yi, kamar yadda talaka ke lallaɓa dogarin sarki. Ranar da Baba ya ce masa Allah na ƙaunarsa, dariya ya yi ya ce, "Ya san ni ne?"

Tsakanin Baba da Baffa ne maganar take da nauyi, kuma rabin rikicinsu na kalmomi ne. Dakta Miller, Baturen mishan da ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ya zauna Zariya tun 1905, daga baya mishan ya koma Wusasa, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932. Masu fassarar sun tarar da Hausar da Musulunci ya riga ya jiƙa ta ɗaruruwan shekaru, sai suka ɗauki Allah, addu'a, azumi, zunubi, tuba, annabi, mala'ika, duk muka yi tarayya a kansu. A wasu wuraren kuma muka bi wata hanya: su imani, mu bangaskiya; su sun fi cewa rahama, mu alheri. Sai kuma "sujada". Baffa ya sha tsokanar Baba da ita: "Yaya, kun ce za ku sujada, na leƙa ta taga na gan ku zaune a benci kuna waƙa, goshin kowa fes." A wajensa sujada goshi ne a ƙasa, sau biyu a kowace raka'a, raka'a 17 na farilla a wuni. A wajenmu kalmar ta ɗauke taron gaba ɗaya, da waƙa da karatu da wa'azi da baiko, wato kyautar da ake bayarwa a coci, da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. To ka ga abokinka ba rainin hankali yake yi ba. Abin da ya sani da sunan ibada yana da lokaci, yana da alwala, yana da alƙibla, ya duba bai ga ko ɗaya a wajenka ba.

Amsar da za ka ba shi tana cikin Yohanna sura 4. Matar Samariya ta tambayi Yesu a kan wane dutse ya kamata a yi sujada, nasu ko na Urushalima, ya ce mata lokaci ya yi da ba wuri ne abin dubawa ba, sai a yi wa Uba sujada cikin ruhu da gaskiya. A Matiyu sura 6 kuma ya yi maganar sadaka da addu'a da azumi, ya ce a yi su a ɓoye. Shi ya sa ba a yanka mana sa'o'i ba. Amma ka lura, cewa ya yi "sa'ad da kuke azumi", bai ce in kun ga dama ba. Kuma shi kansa a Getsamani da fuskarsa ya faɗi ƙasa yana addu'a. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar har yau suna da lokutan addu'a bakwai a wuni, suna cire takalmi, suna kai goshi ƙasa. Zaman benci daga Turawa muka gaje shi, ba daga manzanni ba.

A nan zan faɗi abin da ba za ka so ji ba. Na yi shekaru ina fakewa da "ruhu da gaskiya" ina sharar barci. Da sanyin hunturu, ruwan randa kamar ƙanƙara, ina jin ƙarar butar Baffa kafin asuba, kullum, har ya tsufa. Watan azumi ya faɗo a bazara, ya yi wuni a gona bai kurɓi ruwa ba. Ni da aka ba 'yanci me na yi da shi? Idan abokinka bai taɓa farkawa ya gan ka durƙushe ba, tambayarsa tana kan hanya, kuma ba aya ce za ta amsa ta ba.

Batun ƙauna kuwa, kada ka kuskura ka ce babu ita a Musulunci. Cikin sunayen Allah da suke karantawa akwai Al-Wadud, mai ƙauna, yana cikin Suratu Hud da Suratul Buruj. Akwai hadisin da ya ce imanin mutum bai cika ba sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Ka je zikirin Juma'a na 'yan Tijjaniyya da yamma, ko ka ji masu bege a watan Mauludi, za ka ga dattawa suna hawaye. Ko umarnin da muke taƙama da shi, ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka, Yesu daga Attaura ya ɗauko shi, Yahudawa suna karanta shi safe da yamma tun kafin a haife shi. Haka ma zancen wai su aiki ke kai su aljanna: Baffa ne ya fara karanta mini hadisin da ya ce babu wanda aikinsa zai shigar da shi aljanna sai da rahamar Allah. Mu ma wasiƙar Yaƙub ta ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce.

Inda muka rabu da gaske shi ne wa ya fara, kuma da me. Mu mun gaskata cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, kamar yadda Bulus ya rubuta wa Romawa a sura 5. Allah bai tsaya ga aiko da saƙo ba, ya zo da kansa cikin jiki, ya ɗauki abin da ke kanmu. Saboda haka sujadarmu godiya ce ta wanda aka riga aka biya wa bashi, shi ya sa waƙa ta yi mata yawa, shi ya sa muke ce wa Allah Uba, shi ya sa aka ɗora mana abu mai wuya irin ƙaunar maƙiyi. Musulmi kuwa yana girmama Annabi Isa ɗan Maryam, ya yarda da haihuwarsa ba uba, amma Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Ƙulhuwallahu kuma ta ce Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba. A wajen Baffa, matsayi mafi girma da ɗan Adam zai samu shi ne bawan Allah, kuma cewa Allah ya sha wuya a hannun mutane rage masa girma ne. A wajen Baba, a nan girman nasa ya fi bayyana. Wannan ba saɓanin fassara ba ne da za a gyara da shayi. Kada ka ɓoye wa abokinka shi don neman zaman lafiya, kada kuma ka zaci za ka gama da shi a dare ɗaya. Su biyun nan sun fi shekara arba'in suna yinsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, ba wanda ya matsa.

Amma naman layya bai taɓa wuce ɗakinmu ba, shinkafar Kirsimeti ma haka, kuma Baffa ne Baba yake kira ya yanka mana akuyar, don kowa ya iya ci. Shekarar da Baffa ya kwanta ciwo, Baba ne ya yi jinyarsa wata huɗu a asibiti, shi ke juya shi ya fuskanci gabas, shi ke miƙa masa ƙasar taimama a faranti. Da ya cika, Baba na cikin masu haƙa kabari. Da aka jeru sallar jana'iza ya koma gefe ya tsaya, hularsa a hannu, bakinsa na motsi. A hanyar dawowa na tambaye shi me ya roƙa. Ya ce, "Tsakanina da Ubana ne," ya wuce gaba ya zauna a tabarmar karɓar gaisuwa.