Tambaya da Amsa: Kaskon ruwa, ɗakin zanzaro da tafiyar shamuwa

Tambaya: Saboda zafin bazarar nan na ajiye wa tsuntsaye ruwa a robar wanki a tsakar gida. Yau kwana goma ko kurciya ba ta sauka ba, sai matattun ƙudan zuma nake tsamowa. Ina kuskuren yake? Daga wata uwargida, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da lada, amma laifin na robar ne. Ga zurfi ga santsi. Ƙaramin tsuntsu ba ya shiga ruwan da ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba, ƙudan zuma kuwa in ya zame ba shi da abin kamawa. Ki nemi kaskon ƙasa mai faɗi, ki zuba ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kamar gaɓa biyu ta yatsa. Ki sa duwatsu uku ko huɗu waɗanda kansu ya fito saman ruwa. A kansu ƙwari za su tsaya su sha.

Sai wurin ajiyewa. Ki ɗora kaskon a kan tsohon turmi ko bulo biyu, a inuwar darbejiya ko mangwaro, domin tsuntsu yana son reshen da zai fara sauka ya duba gari kafin ya yarda. Ki nisanta shi da tarin itace da duk lungun da kyanwa za ta laɓe, aƙalla taku uku. Kada kuma kajinki su sha a nan. Haɗa su kwano ɗaya da tsuntsayen daji hanya ce ta murar tsuntsaye.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne sauro. A irin wannan zafi, mako guda zuwa kwana goma ya ishi ƙwansa ya zama sauro mai cizo. Don haka kowane kwana biyu ki zubar da ruwan, ki goge kaskon da soso ba sabulu, ki sake cikawa. In za ki ƙara da abinci, tafi guda na gero ko tsaki ya isa. Ragowar tuwo tsami yake yi, hankaka da ɓera kawai yake gayyatowa.

Kada ki riƙa sauya wa kaskon wuri, sabo suke bi. Ki zauna nesa kaɗan da sassafe ko bayan la'asar, ba yawan motsi. Ki lura da yadda suke sha: marai da kanari sai sun ɗebi ruwa a baki su ɗaga kai sama, amma kurciya da hasbiya tsoma baki suke su zuƙa ba ɗagowa.

Tambaya: Na fasa ɗakin zanzaro a bangon zaure, na tarar da tsutsotsi kore a ciki suna ɗan motsi. Gaskiya ne zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ta rikiɗa ta zama ɗansa? Daga wani ɗalibi, Daura.

Amsa: Malam, maganar ta daɗe a bakin mutane, kuma wanda ya fara faɗinta ya sa ido sosai, ƙwan ne kawai bai gani ba. Macen ce ke gini, da ɗan curin laka a baki, sawu bayan sawu. In ta gama sai ta kamo tsutsa a gona, ta harbe ta harbin da ke sandarar da ita ba tare da ya kashe ta ba. Shi ya sa ka ga suna motsi. Hikimar ita ce matacciyar tsutsa ruɓewa take cikin kwana kaɗan, mai rai kuwa tana nan ɗanya. A cikin ɗakin akwai ƙwai guda, fari, bai kai ƙwayar shinkafa ba. In ya ƙyanƙyashe, ɗan ya cinye guzurin da aka tara masa, ya kwanta, bayan makonni ya huda bango ya fito da fiffike. Ɗakin da ka ga ƙaramin rami a jikinsa, mai shi ya riga ya tashi. Wani irin zanzaron ma gizo-gizo yake tarawa, ba tsutsa ba.

Shawararmu ka bar shi, musamman in kana da lambu, tunda tsutsar da yake kwashewa ita ce ke cin ganyen shuka. Shi kaɗai yake zaune, ba ya tare gida, da wuya ya harbi wanda bai damƙe shi ba. Rina ce abin kiyayewa: gidanta kamar takarda, a rataye, ƙofofi na kallon ƙasa, kuma taron dangi suke yi wa mutum. (Siririn ƙugun nan na zanzaro ne ya sa ake ce wa mai cusa riga a wando ya yi zanzaro.)

Tambaya: Ina shamuwa ke zuwa in damina ta wuce? Daga wani manomi, Mai'aduwa.

Amsa: Baba, ruwa take bi. Tana iso mana wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta kwanta a kansu kamar wata guda. Da kaka ta yi sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke kamawa lokacin da muke cikin hunturu. Fara da tsutsa ne yawancin abincinta. In kana son ganinta da kyau, duba gonar da aka yi wa huɗa ko bakin dam irin na Sabke: baƙa ce, cikinta fari, fuskarta shuɗiya a lokacin sheƙa, gwiwa da yatsu jajaye.