Hedifon a ofis mai hayaniya: ƙara ce ke lalata kunne

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani kamfanin jigilar masu Umra a Jidda, mu goma sha biyu a zaure ɗaya, kowa yana amsa waya. Saboda hayaniya nakan sa hedifon tun safe har La'asar. Abokin aikina ya dage cewa irin wanda ke danne hayaniya shi ke kashe kunne, ni kuwa na ce ƙarar sauti ce. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gaskiya ta fi karkata gare ka. Abin da ke cutar da kunne shi ne ƙarfin sauti da tsawon lokacin da aka ɗauka ana jin sa, domin ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka lalace ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ba tare da ya cutu ba, amma a desibel 90 awa 4 kacal ya rage masa. Hira ta yau da kullum ba ta wuce kimanin desibel 60.

Haɗarin zaure irin naku shi ne, da zarar na kusa da kai ya ɗaga murya yana yi wa alhaji bayanin biza, sai yatsanka ya kai ga maɓallin ƙara ba tare da ka sani ba, kuma da wuya ka mayar da shi. Hedifon mai danne hayaniya yana rage wannan tseren, ko da yake ya fi iya danne gurnanin na'urar sanyaya ɗaki fiye da muryar mutane. Ni kaina na fi son mai rufe kunne gaba ɗaya a kan ƙaramin iyafis ɗin da ake cusawa.

Kada ka wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarar wayarka. iPhone da Samsung duk suna da wurin ƙayyade ta a saitin sauti. Abokin naka yana da rabonsa na gaskiya ta fuskar daɗewa, musamman a zafi da gumin Jidda, inda kunnen da aka toshe yini guda kan yi ƙaiƙayi. Ka cire shi lokacin Azahar da cin abinci, ka goge robar, kada ka ba da aro. Idan kuwa ka koma gida kunnenka yana ƙugi, ko ka fara cewa mutane su maimaita magana, ka je a auna maka ji.