Kafin ka buɗe kwamfuta, ɗauki fensir

Ka ce malaminku ya ba ku aikin zana fosta da tambari, amma duk lokacin da ka zauna gaban kwamfuta sai tunaninka ya tsaya cak. A ganina, matsalar ita ce gaggawar buɗe manhajar zane irin su CorelDRAW ko Photoshop. Ka fara da fensir da takarda, ka yi ƙananan zane-zane kamar ashirin, kowanne bai wuce girman kwalin ashana ba, domin a nan ne za ka gane inda babban rubutu zai zauna da kuma inda idon mai kallo zai fara sauka. Tambarin kuma ka gwada shi da baƙi da fari tukuna, sannan ka sa masa launi.

Inda ɗalibai suka fi shan wahala shi ne wajen bugawa. Allon kwamfuta yana haɗa launi da haske, wato RGB, alhali injin ɗab'i yana aiki da tawada kala huɗu, wato CMYK, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli yakan fito a dushe a kan takarda. Ka ajiye hotunanka a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci don hoton ya fito sarai, ka bar rarar milimita 3 a gefe saboda yanka.

Na taɓa kai aiki wani shagon ɗab'i, sai duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma ƙananan akwatuna, saboda salon haruffan da na zaɓa babu shi a kwamfutarsu. Tun daga ranar nake mayar da rubutu zuwa zane kafin in miƙa aiki, kuma ina yawan amfani da salon haruffa mai suna Noto Sans, wanda yake ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa.