Hukuncin ɗaukar hoton yanyawa a daji

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni ɗan Gashuwa ne amma a Agege nake sana'ar hoton biki da suna. In na je gida hutun sallah sai in shiga daji da kyamara ina bin yanyawa, sha'awa ce kawai, so nake yaranmu da aka haifa a Legas su ga kamarta. Wani abokina ya ce hoton mai rai haramun ne. Kuma maharbin da ke raka ni ya ce mu ɗaure ɗan tsako a bakin raminta ko mu tura mata hayaƙi ta fito. Meye hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi magana da ka ba, hadisan azabar masu sura suna nan a Bukhari da Muslim, shi ya sa Sheikh Bin Baz da Albani suka hana hoto sai da larura. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka haramta shi ne sura mai inuwa, wato mutum-mutumi, kuma Sheikh Ibn Usaimin yana ganin kyamara ba zanen hannu ba ce, halittar Allah take kwafowa yadda take. Wannan na fi natsuwa da shi, toh ka ɗauki hotonka.

Inda hankalina ya tashi shi ne shawarar maharbin nan, wannan kam bai halatta ba. Yanyawa da dare take fita, rana tana kwance can cikin ramin da ta haƙa a rairayi ita da 'ya'yanta, kai kuma ka zo ka cika musu shi da hayaƙi don hoto ɗaya? Abu Dawud ya rawaito sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana ta kaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya ce a mayar mata da su. Ɗan tsakon ma rai ne, ka ɗaure shi yana kuka yana jiran haƙori, ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwa.

Ka zauna nesa wajen magariba, bayan ka yi sallarka, ka bar iska tana kaɗowa daga wajenta zuwa gare ka, kar ka dinga haska mata fitila a ido. In ba ta fito ba ka dawo gobe. Wallahu a'alam.