Amsa ga mai axolotl ɗin da ya daina cin abinci

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don duk mai kiwon axolotl, wannan dabbar ruwa mai kama da ƙadangare 'yar dangin kwaɗi, ya san wannan tashin hankalin. Ka ce tankin mai lita 40 ne, ranar da ka zuba ruwa ranar ka sa shi, akwai tsakuwa a ƙasa, ma'aunin zafi na nuna digiri 25 na Salsiyas, ga shi yau kwana huɗu ko kallon abinci ba ya yi.

Ka fitar da shi yau, kada ka bari sai gobe. Samo roba mai faɗi wadda sabulu bai taɓa ta ba, ka zuba ruwa mai sanyi da ka sa wa maganin kulorin, irin su Seachem Prime, ka riƙa canza ruwan gaba ɗaya kullum. A nan zai zauna har tankin ya nuna, wato bakteriyar da ke tsabtace ruwan ta samu a cikinsa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu sayarwar nan. Mutum ya karɓi kuɗinka, ya haɗa maka tanki da tsakuwa masu launi da fitila, ya ce je ka zuba ruwa kawai. Ya sani sarai sabon tanki babu bakteriyar da ke cinye amoniyar kashin dabbar. Amoniyar ce ke ƙona masa fata da gezar nan ta gefen kai da yake numfashi da ita. Kana kallo gezar tana lanƙwashewa gaba, tana ƙanƙancewa, bakin wutsiya ya naɗe, daga baya wani farin abu kamar auduga ya fito masa. Ka koma wurin mai shago, sai ya ce ai kai ne ba ka iya ba. Haba!

Nunar tanki na cin mako 4 zuwa 8, kuma babu dabba a ciki. Ka kunna matatar soso, ka ɗiga amoniya har ta kai 2 ppm (ma'aunin yawan sinadari a ruwa), kana aunawa da kayan gwaji na ruwa-ruwa. Ranar da ka sa amoniya, kafin awa 24 ita da naitirait, gubar da bakteriya ke mayar da amoniya zuwa gare ta, duk suka koma sifili, to ya nuna. Naitiret kuma, wato abin da naitirait ke komawa daga ƙarshe, a riƙe shi ƙasa da 20 ppm.

Amma zafin nan ya fi damuna. Asalinsu ruwan Xochimilco ne a birnin Meziko, wuri mai tudu da sanyi, kuma can ɗin ma sun kusa ƙarewa. Digiri 16 zuwa 18 suke so, in ya wuce 20 sun fara wahala, 24 kuwa kisa ne a hankali. Fanka a saman ruwa digiri biyu ko uku kawai take ragewa. Gorar ƙanƙara ta gaggawa ce, hawa da saukar da take jawowa ma cuta ce. In babu na'urar sanyaya ruwa da wutar da za ta riƙe ta a watan Afrilu, gaskiya a sake tunani.

Tsakuwar kuma kwashe ta duka. Zuƙo abinci yake yi, duk abin da bai kai girman kansa ba zai haɗiye, ya toshe masa hanji. Duba ko yana kashi, don wataƙila ya riga ya haɗiya. Bar ƙasan haka nan, sai ya kai santimita 15 ka sa yashi mai laushi sosai. Lita 40 ma ta yi kaɗan, nemi 75 zuwa sama, mai tsawo ba mai zurfi ba. Kashe fitilar, ba shi da fatar ido, ka sa masa guntun bututun PVC ya ɓuya. Kada ka haɗa shi da kifi, za su tsattsage masa geza.

In ya huce cikin robar, gwada masa tana, ka wanke ta ka yanka gunduwa-gunduwa. Wadda bai ci ba ka cire kafin ta ɓata ruwan. Ka turo mana hoton gezar da sakamakon gwajin.